Tirafod da "fluid head": mu tsayar musu da suna a Hausa

1/
'Yan uwa masu riƙe kyamara, da masu aikin fim a Kano da Kaduna da Jos, da masu ɗaukar biki da wa'azi da labarai, akwai kaya biyu da muke taɓawa kullum amma har yau ba su da tsayayyen suna a bakinmu. Na farko shi ne abin nan mai ƙafafu da ake girke kyamara a kai, wanda wasu ke ce wa tirafod, wasu sitan. Na biyu shi ne wanda ke zaune a samansa yana juya kyamara, Turawa na kiransa "fluid head". Ina so mu yi wa maganar nan matsaya. 'Yan uwa sun kawo shawarar sunaye iri-iri, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

2/
Rashin sunan yana jawo asara. Yaro ya tara kuɗinsa ya je shago ya ce a ba shi sitan, a miƙo masa na masu ɗaukar hoto, mai kai ɗan dunƙule wanda aikinsa a saita a ƙulle. Sai ranar aiki, amarya ta taho yana son bin ta da kyamara, ya ga hoto yana fizga yana tsalle. Ya ɗauka abu ɗaya ya saya, alhali kaya biyu ne, kowanne da aikinsa da farashinsa, kuma sau da yawa na saman ya fi ƙafafun tsada. Da kowanne yana da sunansa, da tun a shago zai tambayi biyun.

3/
Sitan dai a bar ta. Abin da ake kafa fitila a kai sitan ne, na makirfo sitan ne, na allo ma haka. Ka ce wa yaron aiki ya ɗauko sitan, sai ya tsaya yana tambayar wanne.

4/
Wani malamin Hausa ya kawo "murhun kyamara", kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Duwatsun murhu uku ne saboda abu mai madogara uku ba ya gurgusawa ko da ƙasa ba ta daidaita ba, mai huɗu kuwa sai ka ga ɗaya tana lilo. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa ake yi wa kyamara ƙafafu uku. Malam, Allah ya ƙara basira, amma murhu ba ya rabuwa da wuta a kunnen Bahaushe. Ba na jin akwai mai kayan da zai ji daɗi a ce masa an ɗora kyamararsa a murhu.

5/
An kawo "turke" ma. Turke guda ɗaya ne da ake kafawa, don haka ya fi dacewa da sandar nan mai ƙafa ɗaya da masu ɗaukar wasan ƙwallo da taro ke dogara kyamara a kai. Ina ba da shawarar a ajiye mata shi: turken kyamara.

6/
Ni na tsaya a kan "ƙafa-uku". Ba baƙuwa ba ce, da yawanmu muna faɗinta ba tare da mun lura ba, kuma wanda bai taɓa shiga aikin fim ba zai gane abin da ake nufi. Wata 'yar uwa ta ce za a rikita ta da babur mai ƙafa uku. Gaskiya ne, Hajiya, amma a baki A Daidaita Sahu ko Keke Napep ake cewa, kuma babu wanda za a ce wa "buɗe ƙafa-uku ka ɗora kyamara" ya nufi bakin titi. Ɗan uwanmu na Maraɗi ya ce su can kalmar Faransanci suke arowa, ita ma kuma ma'anarta ke nan, ƙafa uku. Kun ga sunan zai yi aiki a Najeriya da Nijar baki ɗaya.

7/
Tunda mun sa mata suna, ga abin da ake nema a jikinta. Ƙafa-ukun bidiyo tana da ƙoƙo a samanta, galibi mai faɗin milimita 75 ko 100, na manyan kyamarorin silima kuma 150. Cikin ƙoƙon nan na sama yake zama, sai ka sassauta mariƙin da ke ƙasa, ka karkata shi har ɗan kumfan ma'auni ya zo tsakiya, ka ɗaure. An daidaita ke nan, ba tare da an bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya ana ragewa ana ƙarawa ba. Wadda ba ta da ƙoƙo, sai doguwar sanda a tsakiya da ake murɗawa ta yi sama, galibi ta masu hoto ce, kuma iya tsawon da ka ɗaga sandar iya rawar da kyamara za ta yi. In kana shago, buɗe ƙafafun gaba ɗaya, ka dafa saman da hannu biyu ka murɗa hagu da dama. In ta bi hannunka ta murɗe, ajiye ta. Ta alminiyam ta fi araha kuma ta fi nauyi, ta zaren kabon ta fi sauƙin ɗauka ga mai yawon ƙauyuka, amma kowacce sai ta ci wannan jarrabawar.

8/
Yanzu sai mai wuyar, wato "fluid head" da ke zaune a saman ƙafa-uku. Fassarar kai tsaye ba za ta yi ba. "Kan ruwa" wuri ne da kwalekwale ke tafiya. "Kai mai ruwa" kuwa ya fi kama da sunan larura. Ga shi kuma babu ko ɗigon ruwa a cikin abin.

9/
Abin da ke ciki wani mai ne mai kauri, galibi na silikon, an rufe shi ruf tsakanin wasu siraran faifai. In ka tura hannun kyamara, wato sandar da ake riƙewa a juya ta, faifan nan suna so su wuce juna, man yana riƙe su. Ka tura a hankali ya bi ka a hankali, ka fizga ya ƙi, don haka ƙaramar rawar hannunka ba ta isa ga hoto. Juyi ya fara a natse ya ƙare a natse. Eric Miller na Ostareliya ya yi rajistar wannan ƙirƙira a 1946. A Amurka kuma injiniya Chadwell O'Connor, mai sha'awar ɗaukar jiragen ƙasa masu tururi, ya ƙera nasa don ya riƙa bin jirgi da kyamara ba tare da fizga ba, har Walt Disney ya saya don finafinansa na namun daji. Sunayen Miller da O'Connor suna jikin kayan har yau, tare da Sachtler da aka kafa a Munik ta Jamus a 1958, da Vinten na Ingila, da Manfrotto da Cartoni na Italiya, da Libec na Japan.

10/
Abu na farko da nake so mu gyara shi ne kalmar "kai". Turawa sun ce kai don yana saman ƙafafu. Amma in ka ɗora kyamara, ita ce kan, ita ke da ido. Abin da ke ƙarƙashinta yana waiwaya da ita dama da hagu, yana ɗaga ta yana sunkuyar da ita, wuya ne. Da mun ce wuya, sunayen motsin sun zo da kansu: juyin gefe waiwaye, na sama da ƙasa ɗagawa da sunkuyawa. Darakta zai iya cewa "waiwaya hagu a hankali, in ta zauna ka sunkuya," kowa ya gane.

11/
To wane irin wuya? An ce "wuyan giris", amma na arha ma giris ake shafa musu, ga shi kalmar ta kai mu garejin kanikawa. An ce "wuyan danƙo", amma danƙo in ka ja ka saki komawa yake yi, wanda shi ne babban aibin da ake gudu a nan. "Wuya mai kauri" kuwa kowa ya san abin da ake nufi in an ce wuyan yaro ya yi kauri.

Kalmar da na ga ta zauna ita ce yauƙi. Ku tuna yadda miyar kuɓewa ke bin ludayi, ba ta tsinkewa ba ta zuba lokaci ɗaya, tana saukowa a jere. Haka man nan yake, haka kuma juyin da yake bayarwa. Sannan mukan ce mace tana tafiya da yauƙi, wato a hankali cikin taushi babu gaggawa. Kalma ɗaya ta ɗauki abin da ke ciki da abin da ake gani a allo. Don haka: wuyan yauƙi. Wanda babu man a cikinsa, sai gogayyar roba da ƙarfe, busasshen wuya.

12/
Wani dattijo a harkar ya ce yauƙi kan zama zargi, kamar a ce wa ma'aikaci ya cika yauƙi. Haka ne, Baba, amma ga kyamara wannan jinkirin shi ake biyan kuɗi a saya. Na kirki ma suna da abin murɗawa da ke ƙara yauƙin ko rage shi, na waiwaye daban, na sunkuyawa daban. "Ƙara masa yauƙi" ta fi duk abin da muke faɗa yanzu sauƙi a baki.

13/
Sunan zai taimaka wajen gane na jabu, domin da yawa an rubuta musu sunan a kwali alhali busassu ne. Ɗora kyamararka, ka zuƙo wani abu mai nisa har ƙarshen gilashi, misali lambar mota a tsallaken titi. Sa yatsa ɗaya a hannun ka waiwaya sannu sannu. Duba farkon motsin: ya tashi sumul, ko sai da ya ɗan cije sannan ya zabura? Sai ka tsaya cak ka ɗauke yatsan, idonka a kan lambar. In ta ɗan koma baya, ko wuyan ne ba na yauƙi ba, ko ƙafafun ne ke murɗewa su warware.

14/
Akwai kuma sifirin a ciki mai tare nauyin kyamara, wanda na kira "mataren nauyi". In ya dace da kayanka, ka sunkuyar da kyamara ka saki, nan za ta tsaya. In ya yi mata rauni ta kife gaba, in ya fi ƙarfinta ta dawo sama. Kafin a ɗora masa laifi, a fara zamar da farantin kyamara gaba ko baya har nauyi ya zo tsakiya. Wajen lissafin kilo kuma a haɗa da batir da gilashi da makirfo da ƙaramin allo, kada a tsaya kan gangar jikin kyamara kaɗai.

15/
Ƙurar hunturu tana cin makullan ƙafafu, don haka a goge su kafin a naɗe. Wuyan kuwa kada a kwance shi a gida da sunan wanki, in man ya zube ba a maye shi da giris ɗin mota.

16/
Saura guda ɗaya ban gamsu da sunanta ba: abin nan mai reshe uku da ke riƙe ƙafafun kada su baje, wani a shimfiɗe a ƙasa, wani a tsakiyar ƙafafu, wanda ya fi daɗi a kan matakala da ƙasa mai tudu da kwari. Na ji ana cewa gizo-gizo. Ni "dabaibayi" ya fi kwanta mini, tunda aikinsa hana ƙafa wuce iyaka ne, amma masu kiwo a cikinku su faɗa mini ko dabaibayi zai karɓi ƙafa uku.