Neman shawara: kansul ta hana mu gyara filat ɗin da muka saya a Landan

Maman Sadiq

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a Ingila.

Shekara biyu ke nan da muka sayi filat mai ɗaki biyu a kudancin Landan, a wani tsohon benen ƙaramar hukuma. Mai shi na farko ya saye shi daga kansul, wato ƙaramar hukumar, a tsarin Right to Buy da ke ba ɗan hayar kansul damar sayen gidan da yake ciki, da lis (yarjejeniyar riƙe gida na dogon lokaci) na shekara 125, mu kuma muka saya a hannun magadansa. Ƙasar da ginin gaba ɗaya na kansul ne har yau, mu ke biyansu kuɗin hidima duk shekara.

Gyara uku muke so. Mu cire bangon da ke tsakanin kicin da ɗan sito, domin mutum biyu ba sa iya juyawa a kicin ɗin. Mu cire bahon wanka mu mayar da banɗakin na tayil mai magudana a ƙasa, saboda alwala, kuma surukata in ta zo ba ta iya ɗaga ƙafa ta shiga baho. Sai mu huda bangon waje mu sa fankar zuƙe hayaƙi, don in na soya manja ƙaurin sai ya kwana a labule.

Mun cika takarda, mun biya kuɗin dubawa. Wata huɗu shiru. Makon jiya sai ga wasiƙa layi uku, wai ba sa ba da izinin aikin da ya taɓa jikin gini. Ko mutum ɗaya ba su turo ya leƙa ba. Maginin da muka ba kafin alƙalami ya ƙwanƙwasa bangon ya ce ba ya ɗauke da komai. Baban Sadiq ya ce a fara kawai, ai cikin gidanmu ne, kuma maƙwabciyarmu ta ƙasa ta cire nata ba wanda ya ce mata uffan. Ni hankalina bai kwanta ba. Suna da ikon hana mu? In mun yi, za su iya ƙwace gidan?

Baban Ilham

Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, ni ina tare da maigidanki. Wata huɗu kafin su amsa wasiƙa, su ne za su zo duba bangon sito? Na gyara kicin ɗina ban tambayi kowa ba, shekara shida ba abin da ya faru.

Hajiya Umma

Baban Ilham, shekara shida ba abin da ya faru domin ba ka zo sayarwa ba tukuna. 'Yata, saurare ni, ni abin ya faru da ni. Mun cire bango ba izini lokacin marigayi yana raye. Ranar da na tashi sayarwa in koma kusa da yara, lauyan mai saye ya kwatanta zanen da ke cikin lis da yadda gidan yake, ya ce ina lasisin gyara. Babu. Dole na koma wa kansul ina roƙon izinin abin da aka riga aka yi. Na biya injiniya, na biya safiyonsu, na biya lauyansu, aka fasa silin don a ga abin da ke ciki, mai sayen kuma ya gaji ya tafi. Akwai inshorar da ake saya don rufe irin wannan giɓin wajen sayarwa, amma kamfanonin ba sa bayarwa in mai ƙasa ya riga ya san zancen. Ku kuwa kun rubuta musu, sun ce a'a a rubuce. In kuka yi yanzu ba za ku ce ba ku sani ba. Ki lallashi Baban Sadiq ya dakata.

Malam Bature na Lidz

Hajiya ta faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina aiki a ofishin gidaje, bari in ɗan tsawaita.

Maman Sadiq, abin da kuka saya haƙƙin zama ne na shekarun da suka rage a lis. Ki tuna takardar C of O a gida: tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasa na hannun gwamna, mutum na riƙe da ita galibi shekara 99. Bambancin shi ne a nan har bango da kankaren da ke tsakanin hawa da hawa da rufi na mai ƙasar ne. A yawancin lis ɗin kansul, naku shi ne abin da ke ciki: filasta, fuskar ƙasa, ƙofofin ciki, da bututun da ke yi wa gidanku kaɗai aiki.

Don haka ki ɗauko lis ɗin a daren nan ki nemo sakin da ke maganar gyara. Iri biyu ne. Wani yana cewa kada a yi gyara sai da rubutaccen izinin mai gida. Wani yana cewa kada a yi, shi ke nan, ba maganar izini. In na farkon ne, dokar mai gida da ɗan haya ta 1927, sashe na 19, ta ce ba za a hana izinin gyaran da ke inganta gida ba sai da dalili mai ma'ana, ko da lis ɗin bai rubuta haka ba. Suna iya neman ku biya kuɗin lauya da na safiyo daidai misali, amma "ba ma bayarwa" kawai ba dalili ba ne. In na biyun ne, sashen ba zai taimake ku ba. Kuma tun 2020, da kotun ƙoli ta yanke shari'ar Duval a kan wani bene a Randolph Crescent, masu ƙasa suka ƙara tsoro. Kotun ta ce in lis ya ba sauran mazauna ikon tilasta wa mai ƙasa ya tsare sharuɗɗan, to ba zai yafe wa mutum ɗaya haramcin kai tsaye ba.

Sau da yawa lis ɗaya na ɗauke da duka biyun: haramci a kan ƙashin gini, izini a kan sauran. Kuskurenku shi ne haɗa aiki uku a takarda ɗaya. Hudar bangon waje ta ba su hanyar ƙin duka da layi uku.

Maganar ƙwace gida kuwa, ba ta zuwa dare ɗaya. Sai kotu ko First-tier Tribunal, mai sauraron rigingimun lis, ta tabbatar an saɓa lis, ko ku da kanku kun amsa, kafin su iya ba ku sanarwar sashe na 146 na dokar kadarori ta 1925, wato gargaɗin fara ƙwace gida, kuma alƙali yakan ba mutum damar gyara kuskure. Abin da ya fi faruwa shi ne a ce ku mayar da bangon, a ɗora muku kuɗin lauyoyinsu, bankin da ya ba ku bashin gida kuma ya ji labari.

Maman Sadiq

Malam, Allah ya saka da alheri. To wata huɗun da suka ɓata mana fa? Da kuɗin da muka biya ba wanda ya zo?

Malam Bature na Lidz

Dokar mai gida da ɗan haya ta 1988 da ta wajabta wa mai gida amsa cikin lokaci ta shafi izinin sayarwa da ba da haya ne, ba ta haɗa da gyara ba. Hanyarki ita ce ƙorafi a rubuce ta tsarin kansul ɗin. Mataki biyu ne: na farko su amsa cikin kwanakin aiki 10 bayan sun tabbatar sun karɓa, na biyu cikin 20. In ba ki gamsu ba sai Housing Ombudsman, ofishin da ke sauraron ƙorafin mazauna irin waɗannan gidaje. Shi ba zai ba ki lasisi ba, amma yana duba jinkiri da rashin bayani, yana iya sa su biya diyya. Ki sa kansilan mazaɓarku a cikin imel ɗin, wasiƙar da ta bi ta hannun kansila ba ta cika kwana a tire ba. Kuɗin dubawa kuma dokar gyaran tsarin lis ta 2002 ta ce dole ya zama daidai misali, ana iya ƙalubalantarsa a tribunal, biyan da kuka yi bai zama amincewa ba. Kafin ku ɗauki lauya ku tuntuɓi LEASE, hukumar da ke ba masu lis shawara, shawararsu kyauta ce.

Injiniya Sani

Anti, abin da ya tayar min da hankali a bayaninki shi ne ƙwanƙwasa bango. Ba a gane nauyi da kunne. Benen hawa nawa ne, kuma yaushe aka gina shi?

Ina tambaya ne domin benaye da yawa na shekarun 1960 da manyan allunan kankare aka haɗa su, kowane bango na riƙe da ɗan'uwansa. A 1968 gas ya fashe a hawa na 18 na Ronan Point a gabashin Landan, bango ɗaya ya fita, kusurwar benen mai hawa 22 ta zube, mutum huɗu suka rasu. Tun daga nan kansul ba sa wasa da cire bango a irin wannan gini, ni ma ba na ganin laifinsu. Bayan gobarar Grenfell ta 2017 da ta ci rai 72 kuma aka yi dokar lafiyar gini ta 2022: in bene ya kai mita 18 ko hawa 7, amincewar aikin gini daga Building Safety Regulator, hukumar kula da lafiyar manyan benaye, take fitowa.

Ki ɗauki injiniyan gini mai rajista ya rubuto rahoto da zane. Ki sa a yi gwajin asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin a fasa komai, ba a hana shi gaba ɗaya a ƙasar nan ba sai 1999, yana yawan ɓuya a silin mai zane-zane da tsohon tayil na ƙasa. Ki kuma sani izinin kansul a matsayin mai ƙasa daban, amincewar sashen kula da ƙa'idar gini daban, ko da a bene ɗaya ofisoshin suke.

Banɗaki: magudana a ƙasa na bukatar a sassaƙe kankare don ruwa ya gangara, kankaren nan kuwa shi ne silin ɗin maƙwabciyarki. Ki nemi farantin shawa mai ɗan ƙaramin tudu da ake ɗorawa a sama, da kujerar bango. Mama za ta shiga lafiya, alwala ma ta yi daɗi.

Maman 'Yan Biyu

Yaya, in ƙara a kan banɗaki, tunda duk mu nan muna son bututun tsarki kusa da masai. Dokar kayan ruwa ta 1999 ta sa shi a rukuni mafi haɗari, don kada ruwa mai datti ya koma bututun sha. Ana sanar da kamfanin ruwa, kuma ba a jona shi kai tsaye, sai da ɗan tanki mai raba su. Mu da muka ji farashi, buta muka ci gaba da ita. Hayaƙi kuma, akwai fankar da ke tacewa da gawayi ta mayar da iskar ciki, ba huda. Ba ta kai mai fitarwa waje ba, in za ki soya manja sai kin haɗa da buɗe taga, kuma a riƙa canza gawayin.

Baban Ilham

Nawa kabad da tayil na canza, ban taɓa bango ba. Na janye maganata, Maman Sadiq, ku bi ta su Malam.

Maman Sadiq

'Yan'uwa, na dawo da labari. Benenmu hawa 5 ne, Injiniya, na bulo. Mun karanta lis ni da Baban Sadiq har ƙarfe ɗaya na dare, kuma yadda Malam ya faɗa haka yake: an haramta yanka bangon waje da duk abin da ke ɗauke da gini, sauran gyara kuma sai da rubutaccen izini. Huda bango mun haƙura da ita. Injiniyan ginin da muka ɗauka ya zo jiya, ya buɗe ɗan wuri a saman bangon sito ya duba, rahoto zai fito mako mai zuwa tare da sakamakon asbestos. Maginin ya yarda ya riƙe kuɗinmu zuwa bayan sallah. Za mu sake nema a takarda biyu, ta kicin daban, ta banɗaki daban da farantin shawa, ƙorafin jinkiri kuma na tura shi yau da safe da kwafi ga kansila.

Hajiya Umma, Baban Sadiq ya karanta naki sau biyu, shi ya kira maginin da kansa. Malam Bature, in na rubuta sabuwar wasiƙar zan so ka duba min inda zan ambaci sashe na 19 kafin in tura.