Zomon ɗana ya mutu, ya ƙi sakewa

Maman Sadiƙ, Fadaman Mada: Jama'a a taimaka min da shawara. Zomon da kakarsa ta saya masa a kasuwar Muda Lawal ya mutu ran Talata, ina jin zafin Afrilun nan ne. Shekarar yaron 6. Har yau kafin ya tafi Islamiyya sai ya ɗauko ɓawon karas ya tsuguna gaban kejin. Babansa ya ce a sayo wani kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Baban Hafsa: Allah sarki. Kar ki ce masa zomon ya yi tafiya, zai yi ta jiransa ne. Na yi wa 'yata haka a kan magenta, wata biyu tana leƙen ƙofa.

Malama, Yelwa: 'Yar'uwa, da tsuntsun Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, ya mutu, Manzon Allah (SAW) da kansa ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Ki zauna da shi ya ba ki labarin zomon, ya yi kukansa.

Maman Sadiƙ: Jiya ya tambaye ni ko shi ne ya manta bai zuba masa ruwa ba. Wallahi sai da na yi hawaye.

Baban Hafsa: To wannan za ki fara cire masa. Sabon zomo kuwa, bari sai shi ya nema.