In kunna wa Baba Devotion ko in bari?

Sani_Gwale: Salam jama'a shawara nake nema. Na kalli Devotion, fim ɗin Jesse Brown, baƙar fata na farko da ya zama matuƙin jirgi a sojan ruwan Amurka, da abokinsa Tom Hudner a yaƙin Koriya. Babanmu tsohon soja ne ya yi Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, amininsa a can ya rasu ko gawa ba a kawo ba. Ya hango jiragen a wayata ya ce in sa masa a talabijin ranar Juma'a, kuma yana da hawan jini. In sa ko in ce fim ɗin ya goge?

Abba_Zango: Kai dai nemi Top Gun Maverick ya fi wuta nesa ba kusa ba, ai Glen Powell ɗin da ya fito a Hudner yana ciki shi ma.

Dan_Maradi: Ina aka fassara shi? Nan wurin masu turi jaka ɗaya suka ce mini.

Abba_Zango: An cuce ka wallahi, mu naira 100 ake tura mana.

Maman Hanifa: 300 na biya kuma rabin maganar ba ta fita. Amma Sani ka ji ni da kyau. Ni wurin da aka harbo jirgin Brown cikin ƙanƙara, Hudner ya kayar da nasa jirgin da gangan don ya ciro shi, ƙafar ta maƙale, aka sa gatari ya ƙi, dare ya yi dole suka tafi suka bar shi, nan na kashe na shiga ɗaki. Yayana soja ne a Barno ya rasu, abin da aka kawo mana jakarsa ce kawai, da agogo da silifas ɗin wanka da wata takarda da ya rubuta bashin da ake bin sa. Abokinsa ne ya kawo, ya zauna a zaure ya kasa shan ruwan ma. Har yau matarsa da yara uku tana zarya ofis kan haƙƙinsa, kullum fayil bai sauko ba a dawo wani wata, kuɗin motar da ta ƙona ya isa jari.

Malam_Habu: Allah ya jiƙansa. Amma labarin gaske ne fa, Disamba 1950, Brown yana da shekara 24, Hudner aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a 1951, kuma a 2013 yana tsoho tukuf ya koma Koriya ta Arewa neman gawar. Tsohon soja zai ji daɗin wannan, ka sa masa.

Maman Hanifa: Malam kai ka taɓa karɓar jakar mamaci? A littafi ka san yaƙi.

Malam_Habu: Hajiya ke ma ai ba ki ƙarasa fim ɗin ba.

Abba_Zango: Ni abokina ko caja ba ya ara mini balle ya kayar da jirgi saboda ni 😂

Sani_Gwale: Jama'a jibi ne fa Juma'ar.

Dan_Maradi: Maman Hanifa mu ma ƙanin babana da ya yi ritaya haka yake ta jeka-ka-dawo kan fanshonsa, wa kuka samu ya yi muku hanya a ofis ɗin?

Maman Hanifa: Wace hanya, wanda ya ce zai yi ma dubu 20 ya karɓa ya daina ɗaga waya.