Hawan jini ya ɗauke babana yana da 58, kakana ya kai 94: in fara shan magani?

Mai neman shawara: Salamu alaikum. Shekarata 36. Sau uku aka auna ni cikin wata guda, kullum wajen 148/94. Likita ya rubuta min maganin hawan jini, amlodipine, ƙwaya ɗaya a rana. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa yana da 58, amma nasa mahaifin ya kai 94 yana yawo da ƙafarsa. Ban san jinin wa na ɗauko ba. In fara sha, ko in ba kaina wata uku in rage gishiri da teɓa tukuna? An ce in ka fara babu ranar dainawa.

Baban yara: Ɗan'uwa rage tunani, yana cikin abubuwan da ke kawo shi.

Ɗalibar jinya: Allah ya jiƙan Baba. Ba a gadon hawan jini ɗungurungum daga mutum ɗaya. Ɗaruruwan ƙwayoyin halitta ne kowacce ke ƙara ɗan kaɗan, kuma gado na da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin awon jini tsakanin mutane. Tsawon rai ma, binciken da aka yi kan tagwaye a Denmark ya nuna rabon gado wajen kashi 25 ne. Shekarun kakanka ba za su kare ka ba. Ga shi ba su kare ɗansa ba.

Uwar huɗu: Ƙanena, saurare ni. Mijina haka ya riƙa cewa, "mu a gidanmu sai mun ga tattaɓa-kunne." Ya sha maganin wata biyar, ya ga ba abin da ke masa ciwo, ya ajiye. Na yi magana har na gaji. Wata asuba yana ɗaura agogo hannun ya ƙi, agogon ya faɗi, na duba na ga bakinsa ya karkace. Shekara uku ina juya shi a gado, ina ba shi abinci da cokali yana zubowa ta gefe. Waɗanda suka zuga shi ya daina, ko sau biyu ba su leƙo ba. Da ya rasu na tarar da sauran ƙwayoyin a aljihun rigarsa, ko ɓare su bai yi ba.

Baban yara: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma kwana ne ya ƙare.

Uwar huɗu: Na yarda da ƙaddara. Shekaru ukun nan fa, wa ya ɗauke su?

Direba: Ni an ce min sai ya wuce 140/90 ake kiransa hawan jini. Nasa da kaɗan ya haura.

Mazaunin waje: A Amurka tun 2017 daga 130/80 suke lissafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce take kan 140/90. Ko da wanne aka bi, ya shiga.

Direba: Kai likita ne?

Ɗalibar jinya: Ni ma ban gama karatu ba, Malam, amma likitan da ya auna shi ai ya gama. Kuma ba zaɓi ba ne tsakanin biyu: ya sha maganin, ya mayar da gishiri ƙasa da giram 5 a rana. In awon ya sauka, likita ne zai rage masa, ba shi ba.

Ɗan auta: A bar gishiri, a bar tunani, a bar teɓa. Saura surukai, su wa zai rage mana?

Mai ɗinki: Ni abin da ke ƙona min rai, ba sa bayani. Amlodipine ya kumbura min ƙafa har takalmi ya daina shiga, ba wanda ya ce min yana yin haka. Aka canza min zuwa lisinopril, na yi wata biyu ina busasshen tari ina ta shan maganin mura, ashe shi ke sa tarin.

Direba: Ga awon ma. Kana shigowa da haki za a ɗaura maka, ba a bari ka zauna ko minti biyar, abin ɗaurawar kuma ya yi wa damtsena kaɗan.

Mai neman shawara: Hajiya, jikina ya yi sanyi. To in ƙafar ta kumbura, dainawa zan yi ko komawa?

Mai ɗinki: Komawa. In ka samu wanda zai ɗaga kai daga takarda ya dubi ƙafar.