Na sabunta wasan labari, ajiyata ta ƙi buɗewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai.

Akwai wani wasan labarin soyayya da nake yi a waya, irin wanda kai ke zaɓar abin da tauraruwar za ta faɗa, labarin ya bi hanyar da ka zaɓa. A duniyar aljanu da masarautu aka gina shi, kuma da Ren'Py, wata manhajar haɗa irin waɗannan wasannin, aka haɗa shi. Wata uku ina bin ɓangaren wani mai gadin fada, ina lallaɓa shi har ya fara sakin jiki da ita. Na tsaya daidai inda ya miƙa mata zoben mahaifiyarsa a bakin rijiya.

Shekaranjiya aka saki sabon babi. Na sauke sabon APK, wato fayil ɗin da ake girka wasan da shi a waya, na ɗora a kan tsohon ba tare da na goge shi ba. Ajiyoyina, wato inda nake adana matakin da na kai a wasan, duk suna nan, har ƙananan hotunansu ina gani, amma da na taɓa ɗaya sai allo ya cika da rubutun kuskure, ya mayar da ni farko.

Na so in kwafe su in adana, sai dai tun daga Android 11 an taƙaita shiga Android/data, wurin da ajiyoyin suke a cikin waya, manhajar fayil ɗina ba ta nuna komai a ciki.

Idan na haɗa wayar da kwamfuta ta kebul, zan iya ciro su? Kuma in na koma tsohon sigar, za su buɗe, ko sai na goge wasan, su tafi tare da shi? Ban taɓa komai ba tukuna, ina jiran shawararku. Na gode.