Abin da muka tsinta a zaman iyaye kan tsargiya

Ran Asabar muka zauna da iyayen yara a unguwarmu nan Maraɗi, tare da wata malamar asibiti, kan tsargiya, wato fitsarin jini. Wani dattijo ya ce a zamaninsu alamar balaga ake ɗaukarsa. Malama ta ce, "Baba, ciwo ne." Tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi a ruwan tafki, ta huda fata ta shige. Yaro mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, abin ya sake zagayowa.

Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 250 ne suka buƙaci maganin a 2021, kusan kashi 90 cikin ɗari a Afirka. 'Yan lakwal sun fi kamuwa, don su ne masu ninƙaya a Gulbi da tafkin Madarunfa da kududdufan damina.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarancin jinin da ciwon ke kawowa: yaro yana gyangyaɗi a aji, mu ce lalaci ne.

An yi shawarar kada a hana yaro shan praziquantel, wato maganin tsargiya, ranar rabo a lakwal, amma ya ci abinci tukuna. Maganin ba ya hana sake kamuwa. Ruwan tafki a bar shi ya kwana biyu a randa kafin wanka. Uwa ta riƙa duba wandon ɗanta, in ta ga ɗigon jini, sai asibiti. 'Yan mata ma a tambaye su, kunya ke sa su shiru.