Rana Dubu Ta Ɓarawo: Wa Ke Kawo Ranar Mai Kaya?

Malama daga Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Karin maganar da nake so mu duba ita ce "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya", kuma littattafan da nake karantawa ne suka jawo hankalina gare ta. Iri biyu suka fi yawa a hannuna: na faɗakarwa, inda ake zaluntar mutumin kirki har Allah ya kawo masa mafita, da na binciken laifi, inda ake kisa ko sata a babin farko sannan mai bincike ya bi sawu har ya gano wanda ya aikata. Dukansu a kan wannan magana suka ginu, amma a ganina na binciken sun fi riƙe amanarta. A yawancin labaran faɗakarwa ranar mai kaya faɗowa take yi daga sama, ko dai azzalumar kishiya ta yi hatsarin mota, ko ciwo ya kwantar da ita ta tona asirin kanta tana kuka. A labarin bincike kuwa sai wani ya yi gumi, ya tambayi shaidu, ya auna maganar wannan da ta wancan, kafin ranar ta zo.

Tsohon malamin makaranta daga Bukuru:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, kin ɗora wa karin maganar abin da ba ta faɗa ba, domin babu inda ta ambaci wanda zai kawo ranar. A wuri biyu na san Hausawa suna faɗin ta: lokacin da dubun ɓarawo ta cika aka kama shi, da lokacin da ake lallashin wanda aka cuta kuma bai san wanda ya cuce shi ba. A wuri na biyun babu ɗan sanda, babu shaida, Allah kaɗai ake bar wa. Ki kuma lura da lissafin, dubu ne a kan ɗaya, wato magabata sun yarda cewa macuci ne ke cin nasara a mafi yawan kwanaki, kuma ba su ɓoye ɗacin hakan ba. Littafin faɗakarwa yana zama ne a cikin kwana dubun nan, yana nuna yadda mutum zai ci, ya sha, ya yi tarbiyyar 'ya'yansa alhali wanda ya zalunce shi yana yawo cikin babbar riga. Wannan aiki ne da mai bincikenki ba ya yi.

Ɗalibi a Jami'ar Jos:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina da tambaya a kan "mai kaya" ɗin kansa. A labarin kisa mai kayan ya riga ya mutu, to ranar wa ake jira? Akwai littafin Agatha Christie na 1934 a kan kisan da aka yi a cikin jirgin ƙasa, wanda ya juya lissafin gaba ɗaya. Mutumin da aka kashe shi ne ya taɓa sace wata yarinya ya kashe ta, ya kuma kuɓuce wa hukunci, sai waɗanda abin ya shafa suka haɗu suka ɗauki fansa da hannunsu. Mai binciken, Poirot, ya gano gaskiya, amma ya gabatar da bayani iri biyu, aka zaɓi na ƙaryar don a ba 'yan sanda. Mai karatu yakan rufe littafin yana jin daɗi, ni kuwa abin ya dame ni, saboda da wannan karin maganar ce taron jama'a ke wanke kansu idan an yi ihun ɓarawo a kasuwa aka rufar wa mutum da duka kafin a tabbatar ko shi ne. Shi ya sa nake ganin bai dace a faɗe ta ba sai laifi ya tabbata.

Hajiya mai sayar da littattafai a Terminus:
Ɗana, maganarka gaskiya ce, amma ni damuwata ta wani gefen ce. Matan da ke neman littattafan faɗakarwa a wurina, da yawansu kafin su biya sai sun tambaya ko labarin ya ƙare da daɗi, kuma daga tambayar nakan gane halin da suke ciki. Abin da ba na so shi ne a ɗauki karin maganar a toshe bakin wadda aka cinye wa gadon marayunta, a ce ta zauna ta jira ranarta alhali kotu tana nan. Sai dai Malama, ba duk marubuta ne ke zaunar da wadda aka zalunta ba. A *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 kuma sunansa ma karin magana ne, da miji ya kori Rabi da 'ya'yanta ba ta naɗe hannu ba, abinci ta riƙa dafawa tana sayarwa har ta riƙe gidanta.

Malama daga Unguwar Rogo:
Na yarda da ke a kan Rabi, Hajiya, amma ki tuna cewa gobara ce ta durƙusar da mijin, kuma marubuciyar ce ta kunna ta. A zahiri shagon azzalumi yakan shekara talatin bai ƙone ba, kuma ina tsoron yarinyar da ta taso da irin waɗannan labarai ta ɗauka cewa jinkirin sakayya alama ce ta ita ce mai laifi. Baba, tunda ka ce wannan ba ta ambaci mai kawo ranar ba, shin "ramin ƙarya ƙurarre ne" ba ta fi dacewa da littattafan bincike ba, ko ita ma a bakin mai lallashi ka san ta?